Marurun Malam Mansir

Sista Winifred ta tsallake ƙafafun mutum uku kafin ta kai teburinta. Ranar kasuwa ce, ɗakin gaggawa na babban asibiti ya fi tashar motar Gella cika. Gado takwas, mutane sun haura sittin. Ga mai mura, ga mai ciwon haƙori, ga wata da ta sayar da gyaɗarta ta ce bari ta biyo a gwada mata jini tunda ta riga ta shigo Mubi.

A ƙasa kan tabarma Baba Kwaji ke kwance, baki ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Matarsa Miriyamu ce ta riƙo shi a bayan babur tun daga ƙauyensu da ke gaba da Duvu. Winifred ta gwada jininsa, ta dubi lambar, ta sake gwadawa.

"Mama, yaushe rabonsa da maganin hawan jini?"

"Wata biyu. Sau huɗu ina zuwa asibitin ƙauyenmu. Ƙofa a kulle da kwaɗo, awaki a baranda."

Winifred ta sauko da wani mai zazzaɓi daga gado ba tare da ta nemi ra'ayinsa ba, aka ɗora tsohon, ta aika a kira likita.

A lokacin ne wani mutum mai gogaggiyar riga ya kutso, yana tafiya a tattale.

"Sista, ni ma ma'aikacin lafiya ne. A taimaka a duba ni da wuri."

"Me ke damunka?"

Ya rage murya. "Maruru."

"A ina?"

"Inda ake zama."

"Wannan ai aikin ƙaramin asibiti ne. Babu a wajenku?"

"Sista, ai shi ne ƙaramin asibitin!" in ji Miriyamu daga bakin gado. "Malam Mansir, ashe kana raye?"

Kawuna suka juyo. Kusan mutum goma sha biyar a kan bencin jira 'yan ƙauyensa ne, kowa ya gane shi. Wani dattijo har ya miƙo hannu su gaisa.

Mansir ya juya ga Winifred. "In buɗe in ba su me, Sista? Tun damina ba a kawo magani ba. Abin gwada jini ya lalace, takarda uku na rubuta. Abin da ya rage hoton wanke hannu ne a bango, ruwan ma babu."

Winifred ta san ba ƙarya ya yi ba, ta taɓa shekara biyu a irin wurin. Ta dubi Baba Kwaji, sannan ta juyo ga Mansir.

"Bakinka bai lalace ba. Da kana can, da ka ce wa matarsa kada ya daina shan magani, ta saya a kemis."

 Ta ajiye masa abin gwada jini da kwalin magani a kan tebur.

"Mutanenka ne. Ka sallame su in matse maka. Ka ƙi, lambarka sittin da uku."

A tsaye ya yi aikin, don ba halin zama. Kuma ya iya. Ya san sunan kowa, ya san wanda ke ɓoye shan taba. Kafin la'asar benci biyu sun zama wayam, ya gano mutum uku da jininsu ya hau ba su sani ba. Likita ya fito ya ce Baba Kwaji zai rayu, hannun kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Winifred ta cika alkawari. Ihun Mansir har masu lemo a bakin ƙofa sun ji.

Tana wanke hannu Miriyamu ta matso.

"Sista, yaushe zai dawo wankin ciwon?"

"Ranar kasuwa mai zuwa. Me ya sa?"

"Zan faɗa a coci ranar Lahadi," in ji Miriyamu. "Akwai mutane da yawa a gida da ke nemansa. Sai mu cika mota mu zo."