Rigar Nomau

"Ni dai ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba," in ji Liman Uba. Yana tsaye a ƙofar gida, ko takalmi bai cire ba. Gawar maƙwabcina Nomau kuwa tana ɗaki tun hantsi, ga zafi. Kukan akuyarsa ne ya sa na leƙa na same shi ya sandare.

Nomau Bamaguje ne. Bara, da zaɓe ya matso, su Gwadabe ɗan jam'iyya suka kai shi lacca kasuwar Tudun Wada, suka aske shi, suka zura masa farar babbar riga, suka ɗaga hannunsa: ga arne ya musulunta, sunansa Mamman. Sun ce masa in ya yarda, ba mai taɓa gonarsa ta bakin rafi. Danginsa suka daina cin tuwo da shi, ya dawo bayan gidana da zama. Sunan Mamman ɗin ma ba wanda ya ƙara kiransa da shi.

Na aika aka kira wansa Jatau. Ya zo, ya tsaya can gindin tsamiya, ya ƙi matsowa.

"Ku kuka aske shi, ku binne shi, Iya. Mu in muka taɓa shi, gobe a ce mun saci Musulmi."

Ni kuma ba na manta abin da aka yi mini. Tun rasuwar mai gidana, Nomau ke yi mini jinkar rumbu, ko ƙwaryar fura bai taɓa karɓa ba. Ba zan bari ya kumbura a bayan dangata ba.

Na ce, "Malam, ni na ga goshinsa a ƙasa. Ta ɓular zana nake ganinsa kullum da la'asar."

"Iya Tasalla, ya iya kuwa?"

"Da ƙafa yake fara alwala. Wata rana ma rafi yake fuskanta. Amma wa ya zauna ya koya masa? Kai? Ban ce ya iya ba, na ce ya yi."

Liman ya daɗe yana kallon takalminsa. Can ya ce, "To likkafani fa?"

Ba alawayyo a gidan, sai rigar nan, a ninke cikin tukunya, ko sau ɗaya bai sake sa ta ba. Na ɗauko wuƙa na zauna ina farke ɗinkin. Ɗana Mudi ya tafi haƙa.

Na kusa gamawa sai ga Gwadabe a kan keke, yana haki.

"Sannu Iya, Allah ya jiƙansa. Rigar nan na zo karɓa. Ta jam'iyya ce, aro muka ba shi. Ran Laraba akwai lacca a Doguwa, wani zai musulunta."

"Au, guda ɗaya ce ta kowa da kowa?"

"Haba Iya, kuɗi ne fa da ita!"

Na yanke wuyan, inda aka yi aikin zare, na miƙa masa. "Ungo, mamaci ba ya tafiya da ado. Sauran kuma ka bi shi can ka karɓa."

Ya duba Liman. Liman ya sunkuya yana cire takalmi.

Mutum biyar suka yi masa salla, har da Gwadabe, don ba yadda zai yi. Jatau ya bi makara daga nesa. Mudi ya ce da aka watse, Jatau ya matso ya jingina tsohuwar galmar Nomau a gefen kabarin, ba wanda ya ce ya ɗauke.

Wuyan rigar, Gwadabe ya bar shi rataye a kan zana. Da yamma na fito kwashe shanya, na tarar akuyar ta miƙe da ƙafa biyu tana taunar zaren.