Wadda Aka Yafe wa Atisaye

A hawan ƙarshe na ma'aikatar fansho akwai wata mata da kowa ke kira Goggo. Ita ke shigar da sunayen tsofaffin ma'aikata a kwamfuta. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa. Da safe autarta ke kawo ta, ta sa ta a lif, da yamma ta dawo ta ɗauke ta. Tana zama sai ta tuɓe takalma ta tura su ƙarƙashin tebur, don ƙafafunta kumbura suke yi.

Ma'aikatar tana da shirin ko-ta-kwana, kuma wanda aka ɗora wa aikin ba malalaci ba ne. Mai Usur ake ce masa, saboda usur ba ya barin wuyansa. Ya sa an adana kwafin bayanan kwamfuta a wani gini. Ya tanadi ofishin aro da za a koma idan wannan ya lalace. Lokaci-lokaci yakan buga ƙararrawa a yi atisaye: a kashe lif, kowa ya sauko ta matakala, a taru a wurin ajiye motoci, shi kuma ya riƙa kiran sashe-sashe.

Ranar atisayen farko ya hau wurinta da kansa.

"Goggo, zan sa maza biyu su sauko da ke a kujera."

"Ni za a kinkima kamar buhu, a gaban yaran da na girmi iyayensu? Ɗan nan, rufa mini asiri."

"Doka ce, Goggo."

"To dokar ta hawo ta ɗauke ni da kanta."

Ofis ya kwashe da dariya, har da shi. Ya ce, "Shi ke nan, yi zamanki. Ai atisaye ne kawai."

Mutane suka ce yana da ladabi. Ba ladabi ba ne. Ya guji ɓata wa babba rai na ɗan lokaci ne, ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi.

Daga nan abin ya zama jiki. Ƙararrawa na kaɗawa matan sashenta na rajista za su jibge jakunkunansu a teburinta.

"Goggo, mun tafi ƙonewa, a tsare mana kaya."

"Ku ƙone da wuri ku dawo, aiki na jiranku."

A ƙasa Mai Usur zai kira, "Sashen rajista?" Shugaban sashen ya amsa, "Kowa ya fito." Da farko duk sun san ana nufin ban da Goggo. A hankali bakin ya saba da amsar, zuciya ta daina lissafi.

Wata rana da tsakar rana wayar lantarki ta kama a ɗakin ajiyar takardu na hawan tsakiya. Ƙararrawa ta kaɗa. Na sama suka ɗauka atisaye ne, suka bar mata jakunkuna, suka yi tsokanar da suka saba. Sai a matakala hayaƙi ya tare su. Kowa ya toshe hanci ya yi ta kansa.

Mai Usur ya yi komai yadda ya tsara. Bai tsallake sashe ko ɗaya ba.

"Sashen rajista?"

"Kowa ya fito," in ji shugaban, yana tari.

Da 'yan kwana-kwana suka iso suka tambaya ko akwai mutum a ciki, Mai Usur ya ce babu. Suka mai da hankali ga kashe wutar daga ƙasa. Can wata daga cikin matan ta lalubi wayarta za ta kira mijinta, ta tuna tana cikin jaka, ta tuna wa ta bar wa jakar. Sai ta shiga nuna musu saman ginin.

Wuta ba ta taɓa Goggo ba, hayaƙi ne ya kashe ta. A bakin lif aka same ta, ba takalmi. Lif ɗin ne hanyar da ta sani, kuma an kashe shi kamar yadda shirin ya ce.

Aiki bai tsaya ba. Aka koma ofishin aro, aka ɗauko kwafin bayanai, babu tsohon da sunansa ya ɓata. Manya suka yaba, suka ce sauran ma'aikatu su zo su koya.

A ofishin aron autar Goggo ta sami Mai Usur. Ya miƙa mata leda da takalman uwarta a ciki, har yanzu suna warin hayaƙi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yallaɓai, tambaya ɗaya zan yi. A cikin shirin naku, wa aka sa ya sauko da Mama?"

"Ita ce ta ce ba ta so a ɗauke ta."

"Ni ma kullum haka take ce mini a gida. Sai in bari ta gama faɗa, in ɗauke ta."

Ya sunkuyar da kai yana kallon usur ɗin da ke ƙirjinsa. Ta rungume ledar ta fita.