Takalmin Sadakar Arba'in

…kuma ai ba ni na ci takalmin ba. Wannan kowa shaida ne. Haƙoran da suka yi aikin ga su can a bakin karenka Bursuc, an ɗaure shi da waya a jikin motar ɗanka Dorin, a ƙofar maƙabarta. Ni nawa haƙoran ma saura nawa? To me ya sa ni nake jin ɗanɗanon fata a bakina?

Nea Ilarie, kana ji na? Kwana arba'in yau. Sun ce yau kake kama hanya ta gaske, wadda ba a waiwaye. Fada, limamin coci, na ta rera addu'a a kanka, hayaƙin turare na shiga mini ido — hayaƙin ne, kar ka ɗauka wani abu ne — matarka Tanti Aglaia na tsaye a wancan gefen kabarin, ta rungume ƙunshin farin tawul. Na san abin da ke ciki. Duk ƙauyen an sani tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Takalmi baƙi, sabo fil, lamba arba'in da uku. Ta hau motar safe har cikin gari ta sayo, da wannan gwiwar tata da ba ta lanƙwasuwa. Abin da aka miƙa wa mai rai ta saman kabari shi mamaci ke samu a can: riga, kwano, kyandir, takalmi. Ba a miƙa ba, ka tafi haka. Kuma wa za a ba? Sai mai ƙafa irin taka. Duk layinmu ni kaɗai ne, ni Fanica, maƙwabcinka na bayan shinge, wanda ka sha kora da tsintsiya…

Jiya da rana ta ce in zo in gwada. Na gwada. Na yi taku uku a tsakar gida ina yauƙi kamar ango, har ta yi dariya, dariyarta ta farko tun da ka tafi. Ta ce in ajiye su nan kan benci, za ta naɗe in ta sauke alkamar sadaka. Na ajiye. Na ga Bursuc a ƙarƙashin keken itace, kunne a tsaye, ido a kan bencin. Na gan shi, Nea Ilarie. Na gan shi sarai. Har na ce a raina bari in ɗora su kan taga — sai wani ya yi mini fito daga titi, wai an rasa mutum na huɗu a karta.

Karta.

Kai ka ɗauko Bursuc a cikin hula daga wurin makiyaya, ɗan ƙwallon gashi mai warin tumaki. Wata biyar gare shi da ka faɗi a gonar masara. Kullum sai ka zauna kan kututture kana yi mini karatu, ni da ban tambaye ka ba. Kwikwiyo in yana sauya haƙori dadashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya tauna. Ka ba shi karas mai sanyi daga rijiya. Ka ba shi igiya mai ƙulli. Ƙashi ɗanye babba, ban da na kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji. Ka fita da shi ya gaji, karen da ya gaji ba ya ɓarna. Kuma takalmi — ka ɗaga yatsa — takalmi ko sau ɗaya. Kare bai san tsoho da sabo ba. A wurinsa takalmi takalmi ne.

Na ji. Wallahi na ji. Kunnena ba ya yar da magana, bakina ne ba ya ɗauka.

Fada ya kai wurin jera sunaye. Ilarie, Ilarie… Bursuc ya ji sunan, yana jan wayar. Tana cin wuyansa. Kar ka duba can, Fanica. Dubi shamuwa kan turken lantarki. Dubi ƙafarka.

Sati ɗaya da binne ka matarka ta leƙo ta saman shinge. Wai Bursuc ya ci ƙafar tebur, ya ci tsintsiya, ya ci wayar talabijin. Ta ce, kai da ka san karnuka. Kai da ka san karnuka! To wa ya gaya mata? Ni mana. Shekara talatin ina faɗa a gaban shago cewa ni na horar da karnukan soja a bakin iyaka, goma sha biyu, in na yi tari su zauna. Dankali na fere, Nea Ilarie. Wata goma sha shida ina fere dankali. Karen da na fi kusanta a soja shi ne wanda ya cije ni a bayan kicin. Kai ka sani, ba ka taɓa tona ni ba, sai dai ka yi murmushi cikin gashin baki ka ce da bakina gona ne da na ciyar da gunduma.

Da sai in ce mata karas. Kalma ɗaya. Amma wa zai girmama ka a kan karas? Kowace tsohuwa ta san karas. Sai na gyara murya, na haɗe gira irin ta masana, na ce kewar maigida ke damunsa, a ba shi tsohon takalminka ya riƙa jin ƙanshinka. Ta kama baki. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ashe dabba ma… Ta shiga ta ɗauko silifanka na gona, ta miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba baƙo burodi.

Ni kuwa na ji daɗi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na tafi gida ina fito.

Daga nan ai sai wasa ya buɗe. Ɗan cuku a aljihu, in goga kitse a cikin takalmi, in nuna: ɗauko! Kwana huɗu ya haddace. Ni da aka kora daga aji bakwai saboda bushiyar da na sa a jakar malamar lissafi, ga ni da ɗalibi mai kai. Kowa a nan bakin ƙofa yake cire takalmi, to layi ya zama kasuwarmu. Na mai shago, na ma'aikaciyar gidan waya. Ranar da Fada ya shiga yayyafa ruwan albarka gidan Tanti Profira, ya fito ya tarar takalminsa saura ƙafa ɗaya — yana tsalle a tsakar gida da gemu da bokiti, Bursuc ya kawo mini har gaban shago yana kaɗa wutsiya. Mutane har da riƙe ciki. Suka ce Fanica shaiɗan ne, Fanica sai a bar shi. Na ɗaga karen sama kamar kofin ƙwallo…

Yanzu ga su nan kewaye da kabari, kowa da kyandir, su ɗin dai da suka yi dariyar. Babu mai kallona. Sun sani ke nan? Ko sun manta? Wanne ya fi muni?

Da safen nan Dorin ya gano sabon takalmin a bayan rumbun masara. Ɗanka, wanda ya sauka daga Italiya shekaranjiya da takalmi mai tsini da agogo. Na dama ba baki, na hagu ba dunduniya. Ina daga bayan shinge, ina jin komai. Ya kama Bursuc ta ƙeya yana goga masa hanci a fatar, yana zabga masa bel. Ka gani? Ka ga abin da ka yi? Me zai gani? Kai ka ce in ba a kama kare da abu a baki ba, duka zalunci ne kawai, shi bai san na mene ne ba, sai dai ya koyi cewa hannu abin tsoro ne. Shi a saninsa aiki ya yi. Ƙanshin ƙafata ke ciki. Ya ɗauka ya jira in zo da cuku, ban zo ba, ya gaji da jira ya…

Ni ya jira.

Dorin ya ce in an tashi daga sadaka zai sa shi a bayan mota, ya haye kogi, ya sauke shi a bakin babban titi. Ya ce uwarsa ba za ta zauna da annoba ba. Ka san karnukan babban titi, Nea Ilarie. Suna zaune gefen kwalta suna leƙa kowace mota, sati ɗaya, biyu, sannan ka ga tsumma a kan hanya. Ni ina tsugune bayan shinge. Na ce bari ya huce. Na ce bayan coci. A coci na ce a maƙabarta.

Ga maƙabarta.

An zuba ruwan inabi a kan ƙasar. An ɗaga farantin alkama, ana rausaya shi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Wani ya dafa tawa — mai shago ne — hannunsa nauyi kamar buhu. To me zan ce? Dorin, ni ne? Sai kuma dankalin ya fito, da karnuka goma sha biyun da ba a taɓa haifa ba, da silifan gonar. Matarka ta gane hawayen da ta yi a bakin shinge ni na matso su don in ji daɗin bakina. Gobe in zauna gaban shago a matsayin wa? Mutum mai shekara hamsin da biyu, ba mata, ba sana'a, labari kaɗai gare shi. A karɓe labarin, me ya rage? Kare ne fa. Kare. Ana haifar wasu kowace bazara…

Kai ka ce kare ba ya jin kunya. In ya sunkuyar da kai, fuskarka yake karantawa, ba laifinsa ba. To wannan kunyar da ta rufe ni, rabon waye? Nawa da nasa aka haɗa mini?

Tanti Aglaia na kiran sunana. Ƙafafuna sun kai ni bakin kabarin da kansu. Ta miƙo ƙunshin ta samanka, da burodi mai siffar zobe da kyandir mai ci. Tawul ya zame. Ga su, da sawun haƙori, igiya ɗaya a tsinke. Na ɗauka za ta sa wasu, na aro, ko na wani. A'a.

"Don ran Ilarie," ta ce. "Sa su, ɗan nan. Yanzu. Kai za ka taka su har gida."

Ana cewa bogdaproste, Allah ya karɓa. Yaro ma ya iya. Na faɗa? Ban sani ba. Ina durƙushe ina sawa, babban yatsana ya leƙo ta na dama, ƙasar kabarinka mai sanyi ta taɓa shi. Haka za ka tafi ke nan? Duk wannan hanyar, da yatsa a waje, kai da ko gona ba ka zuwa sai ka goge takalmi?

Na ɗago. Ba kabarin take kallo ba. Ni take kallo. Ba fushi, ba komai, irin kallon da ake yi wa tukunya a ga yaushe za ta tafasa. Tagar kicin ɗinta… tagar kicin ɗinta titi take kallo. Shagon ma ana hangowa. Cukun, kitsen, Fada da ƙafa ɗaya — duk kwanakin nan tana wanke kwano a wannan tagar.

Tun safe take jira. Ba ta faɗa wa Dorin ba. Ta bar mini.

Makullin mota na ƙara a hannun Dorin. Ya juya, ya nufi ƙofa. Bursuc ya miƙe, ba shi yake duba ba, ni ya hango — ya ga takalmin a ƙafata, wutsiyar ta fara kaɗawa, wawan Allah, yana zaton yanzu ne za a ba shi cukunsa.

"Dorin."

Muryata ce? Ya tsaya. Kowa ya tsaya. Fada ma ya riƙe kaskon turare.

Shekara talatin bakin nan bai taɓa bushewa ba, Nea Ilarie. Ko sau ɗaya. Yanzu ga shi a buɗe, ga iska na shiga ta yatsana, kuma… ta ina ake farawa?