Audugar da ba ta kai ƙirjin Baba ba

Baba Dogo da ƙirjinsa yake awon auduga. Zai kutsa tsakiyar gona ya miƙe ƙyam, in ganye bai taɓa aljihun rigarsa ba, to a wurinsa ciyawa ce.

Auta, 'yarsa da ta karanto aikin gona, ta roƙi rabin gonar ta gwada iliminta. Ya ba ta, amma da sharaɗi: in nasa ɓangaren ya fi nata, ta tattara ta koma aikin ofis ɗin da yayanta ya samo mata. Ita kuwa ta tsani kujerar nan kamar ciwon haƙori.

Da auduga ta kusa fure, ta goya tankin feshi ta bi kunya-kunya.

"Maganin tsutsa ne?" in ji Baba.

"A'a, Baba, na rage tsawo ne. Ƙarfin ya tafi saiwa da 'ya'ya, maimakon kara da ganye."

"Ikon Allah! Na biya kuɗin makaranta a koya miki hana shuka girma?"

Audugarsa ta yi ta tashi, tata ta tsaya iya ƙugunsa. Kullum sai ya shiga ya yi awo yana ƙyaƙyata dariya. Auta na taya shi dariyar, amma tana tuna kujerar ofis. Inna, mahaifiyarta, wadda ita ma ba ta kai ƙirjin nasa ba, ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan. Ba girin-girin ba, ta yi mai."

Ana tsakiyar fure ruwa ya ɗauke. Dogayen Baba, da uban ganyen da za su shayar, suka yi yaushi, fure na zuba. Gajerun Auta ma sun ji jiki, amma sun riƙe 'ya'yansu gam.

Ranar tsinka ɓangarenta ya yi fari fat. Baba ya yini a duƙe a cikin gajerun nata, buhu na cika, yana kukan baya. Da ya ɗago da ƙyar, sai ya ga Inna a tsaye tana tsinka hankali kwance.

"Malam, tun aurenmu nake gaya maka gajere ke riƙe gida."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya dubi Auta.

"Gaya wa yayanki ya ba wani kujerar. Baɗi ki feshe gonar duka, amma ki bar mini kunya ɗaya, in sami abin awo."