Shayi Mai Ɗaci

Masinja ya ɗora ƙwayar maganin a kan ɗan farantin tangaran, ya danne gefenta da yatsa, ya saita reza a kan layin da ke tsakiyarta. Ƙas! Ta rabe biyu, ko gari bai zuba ba. Ya ɗago kai yana jiran yabo, kamar yadda yake yi kowace safiya.

"Tsohuwa, zo ki ga aiki. Ko likitan fiɗa sai haka."

"Na gani, Malam. Saura su ba ka farar riga," in ji matarsa daga bakin risho.

Su biyun hawan jini ne da su. Ciwo ɗaya, kati ɗaya. Kamfanin da yake kai wa takardu daga ofis zuwa ofis ya yi wa ma'aikata katin asibiti: manya har da iyalansu, ƙanana irinsa kuwa su kaɗai. Ita Tsohuwa wanki da guga take yi wa mutanen unguwa, sana'ar da ba ta da ofis balle kati. Sun gwada saya mata magani a kemis, sai aka wayi gari ko dai magani ko cefane. Nan Masinja ya ɓullo da dabararsa: abin da asibiti ya ba shi, a raba biyu. Yakan haɗiye nasa rabin nan take da ruwa, ita kuma ta dunƙule nata a hannu ta koma bakin risho, wai ita da ruwan ɗumi take sha.

Mutum ne mai son a ce ya iya. Wannan dabara ta yi masa daɗi fiye da kima, har yakan ji kamar ya ci gwamnati da wayo.

* * *

Da ya koma awo, likita ta kwance masa abin gwaji daga hannu tana ɓata fuska.

"Baba, kana shan maganin nan kuwa?"

"Kullum, likita."

"To jinin bai sauka ba. Ka yi hankali, irin wannan ne mutum yana tafe ya yanke jiki ya faɗi."

Ya kawo labarin gida yana dariya, har da kwaikwayon muryar likitar. Ya ƙara da cewa duk ranar da ya faɗi a matakalar ofis, kafin a ɗaga shi an ɗauki wani masinjan, katin ma an karɓe. Tsohuwa ba ta yi dariya ba. Ta dai ci gaba da yayyafa wa riga ruwa, ta ɗora dutsen guga ta danna.

Tun daga wannan makon shayin safe ya soma ɗaci.

"Tsohuwa, hannunki ya tsufa. Ko sukarin ma rabawa kike yi da reza?"

"Ganyen ne, Malam. Na yanzu duk ba su da kyau. Shanye dai, kar ka bar min ko ɗigo."

Yakan yamutsa fuska ya shanye, don shi ba ya ɓarna. Wata na zagayowa likita ta yi murmushi, ta ce jini ya sauka, ya ci gaba da yadda yake yi. Ranar Masinja ya shigo gida da ƙafar dama.

"Ban gaya miki ba? Rabi ma ya isa! Likitocin nan cika wa mutum ciki kawai suke yi."

"Madalla," ta ce. Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaure goshi tamau.

Ya ga ɗaurin. Ya ga yadda take dafa bango in ta miƙe daga kan bahon wanki. Ya ga rigar maƙwabci da ta ƙone a ƙirji, ita da ta shekara da shekaru ba ta ƙona ko hankici ba. Duk ya ɗora wa hayaƙin gawayi.

Akwai kuma wata rana da har yau in ya tuna sai ya ji kunya ta rufe shi. Ya shiga ɗakin taro da takardu, ya tarar manya na gardama a kan maganar da ake ta yi a rediyo, wai a sa kowa da kowa cikin asusun lafiya, har masu wanki da masu dako. Manaja ya ce wanda bai zuba ba yaya zai ɗiba, ai asusun karyewa zai yi. Sai ya juyo yana neman shaida.

"Ko ba haka ba, Baba Masinja?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Talaka ai da dabara yake rayuwa."

Ya ba su labarin reza da farantin. Suka yi ta dariya, wani har da tafa masa. Ya fito yana jin kansa wani.

* * *

Auta, 'yarsu da ke aure a bayan layi, ita ta kira shi. Ta tarar da uwar a kife a kan teburin guga, baki ya karkace, dutsen yana cin zanin gadon mutane.

A tagar asibiti Masinja ya miƙa katinsa. Ma'aikaciyar ta dubi hoton, ta dube shi, ta dubi matar da ke jingine a jikin Auta kan benci.

"Baba, wannan naka ne kai kaɗai."

"Matata ce, 'yata. Ni lafiyata ƙalau, ki ba ta nawa."

"Wallahi ba ni da iko. Na'urar ba za ta karɓa ba. Ka yi haƙuri."

Ba ta yi masa tsawa ba. Da ta yi, da ya sami wanda zai tsana. Kafin ya zagaya 'yan'uwa da abokan aiki ya haɗo kuɗin da za a biya a karɓe ta, inuwar ginin ta koma ɗaya gefen. Likitan da ya duba ta ya ce rai dai ya tsira, amma da an fara da wuri da ba haka ba. Aka sallamo ta da ɓarin jiki a shanye, harshe ya ɗaure.

* * *

Safiyar farko a gida, Auta ce ta dafa shayi. Risho ɗaya, tukunya ɗaya, ganyen nan dai na cikin gwangwani. Masinja ya kurɓa, ya tsaya. Ya sake kurɓa.

"Kin sayo sabon ganye ne?"

"A'a, Baba. Wanda Inna take sawa ne."

Babu ɗaci ko kaɗan. Ya zauna riƙe da kofin har ya huce. Ya tuna hannun da ake dunƙulewa a koma bakin risho. Ya tuna "kar ka bar min ko ɗigo". Ya tuna murmushin likita, da tafin ɗakin taro. Ashe duk watannin nan ƙwaya guda yake sha, yana yawo yana wa mutane wa'azin rabi. Bai san wanda zai fara tuhuma ba, kansa ko tagar asibitin nan.

Ya aiki Auta ta mayar wa masu kaya wankinsu. Ya ɗauko ƙwayar ranar, bai nemi reza ba. Ya murƙushe ta duka da bayan cokali, ya zuba a kofi, ya ƙara sukari, ya juya sosai. Ya tallafo kan matarsa.

"Sha, Tsohuwa. Yau ni ne kuku."

Ta kurɓa. Idonta mai motsi ya tsaya a kansa, ya daɗe. Ta san ɗacin, ai ita ta ƙirƙiro shi. Ta ci gaba da sha a hankali, wani yana zubowa ta gefen bakin yana share mata da hannun rigarsa. Da shayin ya kai tsakiyar kofi sai ta datse leɓɓanta.

"Shanye mana. Kar ki bar min ko ɗigo."

Ta ɗago hannun da ya rage mata, ta dafa gindin kofin, ta tura shi zuwa bakinsa.