Inuwar Katanga

Ruwan da Sarfaraz ke wanke faifan solarsa da shi ne ya gangaro ta ƙarƙashin guntuwar katangar da ta raba rufin gidajen biyu, ya jiƙa wa yayansa Nazakat ƙafa. Nazakat bai matsa ba. Ya tsaya riƙe da takardar kuɗin wuta, yana kallon faifai takwas suna ƙyalli cikin hasken ranar birnin Multan kamar sababbin farantan amarya.

"Bhai, yayana, an tashi lafiya?" in ji Sarfaraz yana yarfe hannu. "Nawa suka lafta maka wannan watan?"

"Abin da suka saba."

"Ni nawa ko kuɗin shayi bai kai ba. Na faɗa maka, shekara uku abin nan ya mayar da kuɗinsa. Daga nan sai dai rana ta riƙa yi mini bauta."

Nazakat ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Gida ɗaya ne mahaifinsu ya bari, suka raba shi biyu, mahaifiyarsu Ammi ta zauna a ɓangaren babba. Sarfaraz ba mai kuɗi ba ne. Awarwaron zinaren matarsa ya sayar, ragowar kuma bashi ne, yana biya duk wata da abin da a da yake kai wa kamfanin wuta. Batir ma bai samu saya ba, sai rana na kan faifan ake da wuta. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin Nazakat a rai shi ne siririyar wayar da ƙanen ya ƙetaro da ita zuwa ɗakin Ammi, don fankarta ta riƙa juyawa ko an ɗauke wuta.

Shekara da shekaru Nazakat, mai ɗinkin takalmin fata, ke sayen maganinta. Shi ke tallabarta zuwa bayi tun da yanar ido ta rufe mata gani. Amma magani ba ya yin ƙara, fanka kuwa har tsakar gida ake jin ta. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ɗaga kai ta ce, "Allah Ya yi wa Sarfaraz albarka." Ammi ta amsa da amin.

*

Da ɗaukar adashi ta zo kansa, matarsa Shagufta ta riga ta gama lissafi.

"Mu sayi namu faifan, ko uku ne. Yara su huta da ƙurajen zafi."

"Uku kusa da takwas? So kike unguwa ta samu abin dariya?"

"Unguwa ce ke biya mana wuta?"

Ya kurɓi shayi, bai dube ta ba. "Katanga zan ɗaga. 'Yan matanmu sun girma, a rufi suke shanya, a nan suke shan iska. Kullum namiji na tsaye a can da tiyo."

"Baffansu ne fa."

"Masu gyaran da yake kirawa su ma baffanninsu ne?"

Shagufta ta daɗe tana kallonsa. Ta san mijinta kamar yunwar cikinta. Ta kuma san a unguwar nan, in mutum ya ce sutura, to ya rufe bakin kowa, har liman.

*

Jan bulo na hawa, Sarfaraz ya fito a guje ko takalmi babu. Maƙwabta sun riga sun taru a bakin layi.

"Bhai, gidanka yana yamma da nawa. In ta kai yadda magini ke faɗa, daga azahar na rasa rana. Da me zan biya bashin? Ga kuɗin wuta zai dawo."

"Wato wutarka ta fi mutuncin 'ya'yana?"

"Subhanallahi, ni na ce haka? A sa bulo mai ƙofofi mana, haske ya riƙa wucewa."

"Inda haske ya wuce, ido ma zai wuce."

Wani dattijo ya gyaɗa kai. Sarfaraz ya dubi fuskokin mutane, ya ga babu nasa. A hankali ya ce, "Fankar Ammi fa?"

"Kafin fankarka Ammi tana raye," in ji Nazakat. Ya ji daɗin maganar har cikin ransa.

*

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya faɗi haka bai ga katangar Nazakat ba. Ta yi tsayin da shi kansa sai ya taka kujera kafin ya leƙa aikinsa. Ranar da aka gama, ya hau bayan azahar, ya ga inuwa tana cin faifan ɗaya bayan ɗaya. A tsakar gidan ƙanen, matar Sarfaraz na wanki da hannuwa babu ko awarwaro ɗaya. Daɗin da ya yi zato bai zo ba. Ya sauko.

An ɗauke wuta tun hantsi. Zafi ya kwanta a kan gari, ko tsuntsu ba ya motsi. Yana shiga ɗakin Ammi ya tarar fankar na jan ƙafa, ta yi zagaye biyu, ta tsaya.

Tsohuwar na kwance a gadon igiya, gumi ya manne mata gyale a wuya, numfashinta na fita da ƙyar.

"Puttar, ɗana, hadari ne ya taso?"

"A'a, Ammi. Yi barcinki."

Ya laluba bayan akwati ya zaro tsohon maficin kaba, ya karkaɗe ƙura, ya zauna a bakin gadon yana yi mata fifita. Sannu a hankali numfashinta ya daidaita. Iskar na taɓa fuskarta ta yi ɗan murmushi, idonta a rufe.

"Ta dawo," ta ce cikin magagin barci. "Allah Ya yi wa Sarfaraz albarka."

Nazakat ya ci gaba da fifita. Hannunsa na dama ya gaji, ya mayar da maficin hagu.