Kwalaben da Madam Agnes Ta Wanke

Ebere ta turo ƙofar gidansu na Sabon Gari, sai ta tsaya cak. Kwalabenta ne jere a bakin famfo, an kife su suna ta ƙyalli a rana.

"Mama! Wa ya taɓa mini waɗannan?"

Madam Agnes ta ɗago daga kan kwanon wanke-wanke. "Ni ce. Duk sun yi funfuna, wani farin abu kamar ruɓaɓɓen awara. Ke da digirinki, ko kyankyaso ya fi ki tsabta."

Ebere ta zauna a kan bokiti. Ba funfuna ba ce. Furen da marigayi babanta ya shuka a baranda ne ya kama mutuwa, ta yanke ganyensa na ƙarshe mai rai, ta yi masa gutsi-gutsi, ta dasa a kwalabe cikin wani abinci mai kamar kamu, haɗe da sinadarin da ke sa tsiro ya tofo. Farin ƙullutun da ya fito a kwalaben shi ne zai zama jariran fure, ɗaruruwa daga ganye guda. A ɗakin gwaji ya kamata a yi wannan aiki, amma na gwamnati a kulle yake tun zamanin soja, farar hula sun zo sun yi masa fenti sun sake kullewa. Shi ya sa take dafa kwalabenta a tukunyar uwarta don kashe ƙwayoyin cuta.

"Furen Papa ne a ciki," ta ce a hankali. "Ba sauran wani."

Soso ya faɗi daga hannun Madam Agnes. "Furen Boniface? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ce ba za ki gane ba."

"Kin gwada ni?"



Uwar ta miƙe, ta nufi bayan ƙofa inda ake tara shara, ta dawo da wata kwalba a cikin leda, murfinta a ɗaure.

"Wannan ta fi duka lalacewa, har ta yi kore. Tsoron warinta ya hana ni buɗewa."

Ebere ta ɗaga ta a haske. Ƙananan ganye ne suka tsattsago daga ƙullutun, ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta matsa gefe a kan bokitin. "Zauna, Mama. Bari in fara miki daga farko."